Yaron da Aka Ce Daƙiƙi Ne

Jawabin wata malamar firamare a taron iyaye da dattawan ikilisiya



A ajina akwai wani yaro ɗan shekara 11. In an ba shi lissafi da baki, kafin in gama rubutawa a allo ya riga ya faɗi amsa. Shi ne ke gyara mana rediyo in ta lalace. Amma a ce ya karanta layi uku, sai gumi ya karyo masa, yana juya haruffa, yana tsallake kalmomi. An yi masa bulala har an gaji, a gida ma ana kiransa daƙiƙi.

Masana suna kiran wannan matsala disleksiya. Ƙwaƙwalwar yaro tana wahalar haɗa harafi da sautinsa, ko da basirarsa ta fi ta tsararrakinsa. Ba aikin sammu ba ne, kuma bulala ba ta warkar da ita.

Gwamnatin Tarayya tana da makarantar yara masu hazaƙa a Suleja, jihar Neja, kuma hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shiga. Da aka zo zaɓen yaran da za a yi wa rajista, hedmasta ya tsallake sunan yaron nan, wai zai kunyata makaranta. Iyayensa manoma ne, suka ce haka Allah ya so, suka yi shiru. Wannan shirun ne ya dame ni.

Na ɗauki mahaifinsa da dattijo guda muka koma. Muka tafi da littafin lissafinsa da takardar likitan da ya auna shi. Muka tuna wa hedmasta dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su 'yancin ilimi ba tare da wariya ba. Ba mu yi faɗa ba. Sau uku muka je kafin ya sa sunan. Mun kuma rubuta takardar roƙon a ƙara masa lokaci a ɗakin jarrabawa, mun ajiye kwafi.

Dattawa, iyaye da yawa a cikinmu suna jin tsoron ofis, ba su iya Turanci ba. Roƙona shi ne kowace ikilisiya ta keɓe mutum ɗaya mai ilimi wanda zai riƙa raka su. Malaman makarantar Lahadi kuma ku duba azuzuwanku, duk wanda ya ga irin yaron nan ya same ni bayan an tashi.