JAWABI GA RASSA: WA KE ZANA GIDAJENMU?



Yau maganar gini za mu yi. Da Nasara suka maida babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, sai suka raba gari biyu: Filato ga Turawa, ƙetaren kwarin Gunti Yena ga baƙar fata. Mai zana gini, wanda suke kira arshitek, Bature ne. Mu kuwa namu kwaɓa laka da ɗaukar tubali.

Cutar ba ta tsaya ƙasarmu ba. A Amurka, Paul Williams shi ne baƙi na farko da ya shiga ƙungiyar masu zanen gini ta ƙasar, a 1923. Sai da ya koyi yin zane a juye daga ƙetaren tebur, don Turawa masu ba shi aiki ba su son zama kusa da shi. Lambar zinariyar ƙungiyar ba ta zo masa ba sai 2017, shekara 37 bayan mutuwarsa. Kyautar Pritzker, babba a wannan sana'a, an soma ba da ita a 1979, amma ɗan Afirka bai same ta ba sai 2022: Francis Kéré, ɗan Gando ta Burkina Faso.

To, rashin iyawa ne? Ku dubi hasumiyar Agadas, mita 27, laka ce da itace. Ku dubi masallacin Yama a jihar Tawa. Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, ya soma shi a 1962, ya sami kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, 'yarmu Mariam Issoufou da abokiyar aikinta suka maida tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo a 2018, tare da maginan wurin.

Saboda haka ga aikin kowane reshe:

Na ɗaya, in za a gina kasuwa ko makaranta a garinku, ku je wurin magajin gari ku ce a zauna da Sarkin Magina tun kafin a ja layi.

Na biyu, a rubuta sunan magini a jikin gini kusa da na arshitek, a biya shi kuɗin gwani.

Na uku, yaron da ke da hannun zane, mace ko namiji, ɗan talaka ko ɗan sarki, ku tara masa gudummawa ya tafi makarantar zanen gini ta Lome.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu sa'a.