Zumunci A Ƙafa Yake

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara



Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi wa Allah godiya da Ya sake haɗa fuskokinmu. Da aka ce in yi magana, sai na zaɓi wani abu da ake ganin ƙarami ne, wato tafiyar ƙasa. Na zaɓe shi ne saboda ya taɓa ni a jikina.

Waɗanda muka fito daga Turawa da ƙauyukan Ƙaraye da Rogo ba sai an tuna mana ba. A ƙasa muke zuwa makaranta, a ƙasa muke zuwa gona da kasuwa, da damina a cikin taɓo, da hunturu a cikin hazo, babu wanda ya taɓa kiran wannan wahala. Kakanninmu ma da ƙafa suka yi fataucin goro har Gwanja, wasu suka bi ta Sudan zuwa aikin Hajji, suna shafe shekaru a hanya.

To, ga mu yau. Mun yi jami'a, mun sami aikin gwamnati a Kano, Allah Ya hore mana 'yar mota. Ni kaina, masallacin unguwarmu bai kai tafiyar minti biyar ba, amma sai na tayar da mota. Burodi, mota. Aski, mota. A bara na je asibiti da ciwon kai, likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, alhali ban cika shekara arba'in ba. Ya tambaye ni yaushe rabona da tafiyar minti talatin a ƙasa. Wallahi na kasa tunawa. Ni da nake yin ninkin wannan kullum ina ɗan makaranta!

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa baligi ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kuma tafiya da ɗan sauri tana cikin lissafin. Wato minti 30 a rana, kwana biyar. Wannan yana rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya, cututtukan da a da muke cewa na tsofaffi ne. Kilomita ɗaya ba ya cin lafiyayyen mutum fiye da minti 15. Idan ka je shago ka dawo, ka je masallaci ka dawo, ka biya bashin ranar ba tare da ka sayi ko takalmin motsa jiki ba.

Sai kuma batun aljihu. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Kowane bakanike zai gaya maka cewa inji ya fi shan mai kafin ya ɗauki zafi, saboda haka gajeriyar tafiya ita ce mafi tsada a kan kowane kilomita. Mai albashi irina ya san ma'anar wannan idan wata ya kai ashirin.

Ban ce babu uzuri ba. Birnin Kano ya sami gadojin sama irin ta Ƙofar Nassarawa, amma tituna da yawa ba su da gefen da mai tafiya a ƙasa zai bi, inda kuma ake da shi 'yan tireda da motoci sun mamaye. Bayan hana acaba a 2013, a daidaita sahu ta cika hanya, mai ƙafa sai ya yi ta kauce-kauce. Ga zafin rana a watan Afrilu. Ga tsofaffi da marasa lafiya waɗanda dole a ɗauke su. Duk na yarda.

Amma jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya, babban abin da ke hana mu shi ne kunya. Makon da na fara taka sayyadata zuwa masallaci, mutum uku suka tsayar da mota suna cewa, "Yallaɓai, lafiya? Motar ta sami matsala ne?" Wani ma ya je ya ce an ga alama na sayar da ita. Mun mayar da mota rigar mutunci, har muna ganin duk wanda ya sauka daga cikinta ya karye. Na daure. Bayan wata uku na koma asibiti, jinin ya sauka, tare da bin sauran shawarwarin likita.

Akwai wata riba da ban yi tsammani ba. A hanyar nan na gane cewa wani dattijo maƙwabcina ya yi wata biyu a kwance ban sani ba, domin kullum gilashi a rufe nake wuce ƙofar gidansa. Ashe da Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake, ya san abin da yake faɗi. Malamanmu na addini kuma sun karantar da mu cewa kowane taku zuwa masallaci akwai ladarsa.

Roƙona guda ɗaya ne. Duk inda bai wuce kilomita ɗaya ba, kuma babu kaya mai nauyi, a bar makulli a gida. A fita da sassafe ko bayan la'asar, a bi gefen da ake fuskantar motoci masu zuwa, a riƙe hannun yara su ma su saba. Idan mun zo gida da salla, mu ajiye motar a ƙofar gida mu zaga dangi a ƙasa kamar yadda muka taso. Baɗi in Allah Ya kai mu, ina so kowa ya zo ya ba mu labarin abin da ya gani.

Allah Ya ƙara wa malamanmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.