Dagwalo Mai Guba Biyu: Darasi Daga Yargalma



Maƙasudin wannan lacca shi ne duba yadda ya kamata a sarrafa dagwalon ɗakin gwaje-gwaje wanda ya haɗa guba iri biyu, wato tururin nukiliya da gubar sinadari. Kafin a shiga ɗakin gwaji, ya dace a fara leƙa Yargalma ta Ƙaramar Hukumar Bukkuyum.

A shekarar 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na mutuwa a Yargalma da Dareta da wasu ƙauyukan Anka. Musabbabin shi ne dutsen zinariya mai ɗauke da dalma, wanda ake daka shi a tsakar gida. Ƙurar ta bi ƙasa, ta bi hannun yara, ta shiga jininsu. Fiye da yara 400 suka rasu. Ba a shawo kan al'amarin ba sai da aka kankare ƙasar gidajen, aka binne ta a ramuka na musamman, aka zuba sabuwa.

Darasin da ke nan shi ne, dalma ba ta ruɓewa. Tururin nukiliya kuwa yana raguwa da kansa: na aidin mai lamba 131 yakan ragu da rabi cikin kwana 8, na siziyam mai lamba 137 kuwa sai bayan kimanin shekara 30. Wannan siziyam shi ne ya halaka mutum 4 a garin Goyaniya na ƙasar Birazil a 1987, bayan da 'yan jari-bola suka fasa wata tsohuwar na'urar asibiti.

Su kuma guba biyun sukan haɗu cikin sauƙi, domin da dalma ake yin garkuwar tare tururi. Da zarar garkuwar ta gurɓata, ta zama dagwalo mai guba biyu.

Saboda haka ƙa'idojin guda huɗu ne. Na farko, a raba dagwalo tun daga teburin gwaji. Na biyu, a rubuta wa kowace gora abin da ke cikinta da ranar da aka zuba. Na uku, mai gajeren rai a kulle shi har tururinsa ya lafa, sannan a ɗauke shi a matsayin gubar sinadari, domin ita tana nan daram. Na huɗu, mai dogon rai a miƙa shi bisa izinin Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya. Ba a zuba shi a kwata, ba a jefa shi a juji.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, tun da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004. Ma'aikacin da ke tsara kasafin kuɗi ya sani, kuɗin kawar da dagwalo wani ɓangare ne na kuɗin binciken kansa. In an hana shi, to, yaran maƙwabta ne za su biya. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye. Wassalam.