Ba A Aron Mai Da Tsakar Dare

Karatu: Matiyu 25:1-13

   

Maganarmu ta yau tana zuwa ne musamman ga 'ya'yanmu, maza da mata, waɗanda suke shirin jarrabawar ƙarshe ta aikin jinya. Amma iyaye, kada ku tashi daga gaban rediyo, gama akwai rabonku a ciki.

A wurin da muka karanta, Ubangiji ya ba da misalin 'yan mata goma da suka fita taryen ango da dare. Kowacce tana riƙe da fitilarta. Biyar sun yi guzurin mai, biyar kuwa ba su yi ba. Ango ya yi jinkiri, barci ya kwashe su duka. Da tsakar dare aka yi shelar isowarsa, sai marasa guzuri suka ga fitilunsu suna mutuwa. Suka roƙi 'yan'uwansu, amma man ba zai ishe su duka ba. Kafin su je su sayo su dawo, an rufe ƙofa.

Mun sani ainihin abin da Ubangiji yake koya mana a nan shi ne zaman shiri domin komowarsa. Amma wanda ya koyi zaman shiri a babban abu, zai nuna shi a ƙananan abubuwa. Ku lura da kyau: su goma ɗin nan duk suna da fitila, duk sun sa kayan biki, duk sun yi barci. Da rana ba mai iya bambanta su. Tsakar dare ce ta raba su. A makarantun jinya da yawa akan kunna fitila ko kyandir ranar rantsar da ɗalibai, domin tunawa da Florence Nightingale, wadda ta riƙa zagaya sojoji majinyata da fitila a yaƙin Kirimiya, daga 1854. Kun riga kun karɓi fitila. Tambayarmu ita ce, ina man?

Bari mu bayyana wa iyaye abin da ke gaban yaran nan. A Nijeriya ba mai ikon yin aikin nas sai da rajista da lasisin Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Ko a Gusau ɗalibi ya yi karatu, ko a Sakkwato, ko a Wusasa ta Zariya, bayan shekara uku ko fiye sai ya zauna jarrabawar wannan majalisa. Ta masu jinya takan zo a watan Mayu da Nuwamba, ta ungozomomi kuwa a Maris da Satumba. Akwai tambayoyi da ake amsawa a kwamfuta. Akwai kuma gwajin hannu, inda ɗalibi yake bin tebur bayan tebur, a kowanne a ba shi aiki ɗaya ya yi cikin 'yan mintoci, mai jarrabawa yana kallo yana ba da maki.

Me ya sa aka tsananta haka? Domin akwai wata tsakar dare da ta fi ranar jarrabawa nauyi. A ƙarshen 2016 sanƙarau ya ɓulla a ƙaramar hukumar Zurmi, ya bazu zuwa jihohin da ke maƙwabtaka a 2017. A 2024 kuma ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya sun auna yara fiye da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, aka tarar wajen yaro ɗaya cikin huɗu yana fama da tamowa. Waɗannan yara 'ya'yan maƙwabtanmu ne. Ran da aka kawo irin yaron nan da ƙarfe biyun dare, likita yana ɗakin tiyata ko yana wani gari, hanya kuma ba ta biyuwa sai gari ya waye, wa zai tsaya a kansa? Nas ce. A wannan sa'a ba littafi, ba malami, ba ƙawa. Abin da ke cikin kanta da hannunta, shi ne man fitilarta.

Saboda haka, abu na fari, ku san wanda kuke yi wa karatu. Wanda yake karatu domin takarda kaɗai, haddace yake yi, bayan mako biyu ya manta. Wanda kuwa ya sa majinyaci a gabansa, yakan tambayi dalili, dalili kuma ba ya saurin fita daga kai. Ga misali, littafi ya ce kada a ɗura wa yaro mai tsananin tamowa ruwa ta jijiya yadda ake yi wa sauran yara. Don me? Domin zuciyarsa ta raunana, ruwa mai yawa yana iya fin ƙarfinta. Wanda ya gane wannan, ko ta wace fuska aka juya tambayar zai amsa. Haka nan lissafin magani. Yaro mai kilo 8, an ce a ba shi farasitamol miligiram 15 a kowane kilo, wato 120 ke nan. In kwalbar tana da 120 a cikin mililita 5, to mililita 5 za a ba shi. A takarda, kuskure a nan asarar maki ɗaya ne. A ɗakin yara kuwa rai ne.

Abu na biyu, ku sayi mai tun da rana. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Manomin da ya bar noman fari ya wuce, ko ya kwana a gona cikin watan girbi ba zai cika rumbu ba. Ku ɗauki tsarin karatun da majalisa ta bayar, ku ƙidaya makonnin da suka rage, ku raba. Sa'a biyu ko uku kowace rana ta fi kwana uku ba barci a makon ƙarshe. Kada ku tsaya ga darasin da kuke so. Wanda yake ba ku tsoro, ko sanin magunguna ne, ko jinyar masu taɓin hankali, da shi za ku fara da safe sa'ad da kai yake sarari. In kun karanta, ku rufe littafi ku faɗa da bakinku. Abin da ba ku iya faɗa ba sai kun leƙa, ba ku san shi ba tukuna. Ku koma kansa bayan kwana uku, ku sake komawa bayan mako guda. Ku haɗu ku uku ko huɗu kuna yi wa juna tambayoyi, gama mai koya wa wani sau biyu yake koyo. Ku yi ta gwada tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanku. Wanda hannunsa bai saba da kwamfuta ba, ya nemi inda zai saba tun yanzu, kada ranar jarrabawa ta zama ranar koyo. Tambayoyin da Turanci suke, ku karanta kowacce har ƙarshe. Kalma guda, kamar wadda take nufin "banda" ko "da farko", tana iya juya amsar gaba ɗaya.

Abu na uku, hannu ma yana da nasa karatu. Mun san wata yarinya a ikilisiyarmu, mai ƙoƙari ƙwarai a aji. Lokacin da ake tura su aiki asibiti takan laɓe a kusurwa da littafi, tana ganin gyaran gado da wanke miki ɓata lokaci ne. Ta ci ta kwamfuta, ta faɗi ta hannu. Da ta zo gidanmu tana kuka, ta ce mana ta san kowane mataki a kanta, amma da aka ce ta fara, sai hannu ya ƙi. Wata shida ta yi tana bin wata tsohuwar nas a ɗakin mata, tana yin abin da ta raina a dā. Da ta koma ta ci. Ku gai da majinyaci, ku gaya masa abin da za ku yi, ku wanke hannu, ku rufe masa jiki, ku rubuta abin da kuka yi. Ku ƙirga numfashin yaro cikakken minti guda, ku san cewa ɗan shekara biyu mai numfashi 40 ko fiye a minti yana bukatar kulawa. Ku lissafa ɗigon ƙarin ruwa har ya zama muku kamar ƙirga kuɗin cefane. Waɗannan su ne ake ba maki, su ne kuma majinyaci yake bukata.

Abu na huɗu, kada ku nemi man aro. Kowace shekara akan sami masu yawo suna cewa suna da tambayoyin da za su fito, a kawo kuɗi. Wasu ɗalibai kuma sun dogara ga wanda zai zauna kusa da su. 'Ya'yanmu, kayan aro ba ya rufe katara. Da ma ace mutum ya tsere wa idon mai jarrabawa, ina zai tsere wa idon Allah? Wanda ya sami lasisi ta hanyar sata, kowace allura da zai yi, ƙarya ce yake yi wa wanda ya miƙa masa hannu. 'Yan matan nan biyar masu hikima ba rowa suka yi ba. Akwai abin da ba ya aruwa. Iyaye kuma, kada kuɗinku ya shiga wannan hanya, ko da wa ya kawo muku ita.

Abu na biyar, ku tsare zuciyarku. Akwai masu cewa, tun da mun yi azumi da addu'a, Allah zai yi. Akwai kuma masu karatu dare da rana har su bar sujada, kamar komai a hannunsu yake. Duka biyu kuskure ne. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro a kan garu. Daniyel da abokansa Allah ne ya ba su sani, amma sai da suka yi shekara uku a makarantar Babila kafin su tsaya gaban sarki. Ku yi addu'a kafin ku buɗe littafi, sa'an nan ku buɗe shi. In tsoro ya zo, kada ku ɗauka alamar faɗuwa ce. Ku kawo shi gaban Ubangiji, ku gaya wa wani ɗan'uwa. Ku tuna masu hikimar nan ma sun yi barci, ba a kuwa tsauta musu ba, gama wanda mansa yake a shirye yana da ikon yin barci. Daren jarrabawa ku rufe littafi da wuri, ku shirya kayanku da katinku, ku kwanta. Da safe ku ci abinci, ku isa da wuri. In tambaya ta yi wuya, ku wuce ta ku dawo. In tebur ɗaya ya ɓaci, ku bar shi a nan, kada ku ɗauke shi zuwa na gaba.

Yanzu ga iyaye da ikilisiya. Mun san abin da kuka sayar kafin yaran nan su kai inda suke: buhunan gero, awaki, wasu har da sa. Faɗuwa tana nufin jiran wata shida, da sabon kuɗi, da sake bin hanya. Amma kada ku ɗora musu wannan nauyi kowace safiya. A watannin nan ku rage wa 'yarku aikin gida, ku rage aike. Zumuntar mata da ta matasa, ku ɗaga musu ƙafa a kan wasu hidimomi. In majami'a tana da wuta da dare, a buɗe musu ɗaki su yi karatu. Nas-nas da ke cikinmu, ku ba da yamma ɗaya a mako ku duba hannunsu.

Akwai kuma mai sauraronmu wanda ya riga ya zauna ya faɗi, yana jin kunyar shiga mutane. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, a nan misalinmu ya tsaya, gama wannan ƙofa ba a kulle ta ba. A dā wanda ya faɗi sau uku akan sallame shi, amma a 2025 majalisa ta soke wannan doka, ana iya sake zama ɓangaren da aka faɗi. Bitrus ya faɗi sau uku a dare ɗaya, Ubangiji kuwa ya tashe shi ya ba shi kiwon tumakinsa. Ku bincika inda man ya ƙare, ku koma ku saya. Darajarku a gaban Allah ba a jikin allon sakamako take ba.

A ƙarshe, ƙaunatattu, dukanmu muna da ranar da za mu tsaya gaban Ubangiji. A ranar nan bangaskiyar uwa ba za ta ishi ɗa ba, ta fasto kuma ba za ta ishi ikilisiya ba. Yau ƙofar alheri a buɗe take. Kowa ya duba fitilarsa.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin 'ya'yan nan da ka kira zuwa jinyar marasa lafiya. Ka ba su naciya a karatu, da hannu mai taushi, da zuciya mai gaskiya. Ka kawar musu da tsoro, ka tuna musu da abin da suka koya. Ka kiyaye su a hanya, tafiya da dawowa. Ka ta'azantar da waɗanda suka faɗi, ka tashe su. Ka ji tausayin majinyata a Ƙauran Namoda, da Shinkafi, da Zurmi, ka ba ƙasarmu salama. Cikin sunan Yesu Kristi muka roƙa. Amin.