Awon Zafin Makamashi da Makomar Itatuwa a Kazaure da Kewayenta



Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Maƙeri a Roni ya san gawayin ƙirya ya fi karan dawa zafi, uwargida a Gwiwa kuwa ta san itacen marke ya fi daɗewa a murhu. To, amma da nawa wannan ya fi wancan? A nan ido ya gaza, sai a koma ga awo. Maƙasudin wannan lacca shi ne bayanin yadda ake wannan awo, da kuma abin da ya tona game da itace da gawayi.

Na'urar awon sunanta kalorimita. A 1783 wasu masana biyu na Faransa, Lavoisier da Laplace, suka auna zafi da yawan ƙanƙarar da ya narkar. Wajen 1880 wani ɗan ƙasarsu, Marcellin Berthelot, ya fito da irin wadda ake amfani da ita har yanzu. Ita dai 'yar tukunya ce ta baƙin ƙarfe mai kauri, mai murfin da ke rufuwa gam, abin da ya sa ake yi mata laƙabi da bom.

Ga yadda ake aikin. Akan sa giram 1 na abin da za a gwada a cikin tukunyar, a ɗura mata iskar oksijin har matsinta ya kai ninki 30 na iskar sarari, sa'an nan a nutsa ta cikin ruwan da aka san nauyinsa. Sai a kunna wuta da siririyar wayar lantarki. Abin ya ƙone ƙurmus, zafinsa kuma ba shi da mafita sai cikin ruwan. Zafin da kan ɗaga ɗumin giram 1 na ruwa da digiri 1 shi ake kira kalori. Saboda haka in ruwa giram 2,000 ya ƙaru da digiri uku da rabi, an sami kalori 7,000 ke nan, ban da ɗan abin da ƙarfen ya sha, wanda akan lissafa dabam.

To, me awon ya nuna? Giram 1 na busasshen itace yakan ba da kalori wajen 4,000, gawayi wajen 7,000, kananzir kuwa fiye da 10,000. Wanda ya tsaya nan sai ya ce gawayi ya fi riba. Amma a gargajiyance sai an toya kilo 5 na itace, ko fiye, kafin a sami kilo 1 na gawayi. Wato an ba da 20,000 an karɓi 7,000. Kusan kashi biyu cikin uku na zafin ya bi hayaƙi tun a daji. Bugu da ƙari, murhun duwatsu uku ba ya kai wa tukunya ko rubu'in zafin da ke cikin itacen.

Wannan lissafi ba na ɗakin gwaji ba ne kurum. Daga duwatsun Kazaure zuwa Babura, a kan iyakar Nijar, ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, inda itace kan shekara goma ko ashirin kafin ya kawo ƙarfi. Kowane buhun gawayi da aka ɗora a mota zuwa birni, itace mai nauyinsa sau biyar ne ya bar gona, iska kuma ta sami hanyar kwashe ƙasar.

Don haka ya kamata ma'aikacin gandun daji da jami'in ƙaramar hukuma su riƙe waɗannan alƙaluma kafin su ba da izinin sara. Su kuwa ɗaliban kimiyya, irin na Kwalejin Husaini Adamu ta Kazaure, babban aikin da ke gabansu shi ne auna ƙirya da marke da ɓawon gyaɗa ɗaya bayan ɗaya, da ƙera murhun da zai rage asara. Allah ya sa a dace.