Maiƙon Tukunya da Ma'aunin Malami



Kowa a zauren nan ya san yadda ake auna malamin jami'a a yau. Ana ƙirga maƙalun da ya wallafa, sannan a ƙirga sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da su. Eugene Garfield ne ya fara tattara irin wannan lissafi a kundin Science Citation Index a 1964. A 2005 kuma Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin h: idan an ce h ɗin malami 20 ne, yana da maƙalu 20 da aka ambaci kowace aƙalla sau 20. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu, domin malaman zaure sun daɗe suna tambayar isnadi: wa ya karɓa daga wa?

Zan gwada wannan ma'auni a kan mutum ɗaya, Farfesa Richard Evershed na Jami'ar Bristol a Ingila, masanin kimiyyar sinadarai wanda ya duƙufa kan tsofaffin tukwane. Dabarar da ya inganta ita ce: tukunyar ƙasa tana shan maiƙon abin da aka dafa a cikinta, kuma maiƙon yakan zauna cikin jikin yumɓun shekaru dubbai. Sai a niƙa ɗan tsingaro, a tatso maiƙon da sinadari, a sa a na'ura ta bambance ko na madara ne, ko kitsen nama, ko kakin zuma.

A 2008 shi da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature cewa mutanen arewa maso yammacin Turkiyya ta yau suna sarrafa madara tun sama da shekaru 6,000 kafin haihuwar Annabi Isa. A 2012 ɗalibarsa Julie Dunne ta jagoranci bincike kan tukwanen Takarkori a Libiya, inda aka tabbatar makiyaya suna tatsar shanu a Sahara kimanin shekaru 7,000 da suka wuce, lokacin da take kore shar.

Sai 2021 dabarar ta iso gida. Ƙasar yankin Nok tana da tsami, tana cinye ƙashi, don haka an daɗe ba a san abin da masu gumakan yumɓun Nok suke ci ba, ban da gero da wake da suka ƙone suka rage. Aka gwada tsingaro sama da 450, sai aka tarar sama da ɗaya cikin uku na waɗanda suka ba da maiƙo suna ɗauke da kakin zuma. Wato mutanen Nok suna ɗiban zuma shekaru kusan 3,500 baya.

To, me lissafin ambato yake gaya mana a nan? Yana nuna mana gaskiya ɗaya: wanda ya ƙera makami, duk mai amfani da shi sai ya kira sunansa. Shi ya sa maƙalun dabara suke tara ambato fiye da rahoton haƙa. Amma tsingaron Nok ba daga sama ya faɗo ɗakin gwaji ba. Tawagar Peter Breunig ta Jami'ar Frankfurt ta shafe shekaru tun 2005 tana haƙa tare da ma'aikatan gidajen tarihi na Nijeriya da mutanen ƙauyuka. In ba a rubuta zurfin da aka tsinci tsingaro da gawayin da ke gefensa ba, sakamakon na'ura ba shi da shekara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ma'aunin h hannu ɗaya yake gani.

Saboda irin wannan ne sanarwar San Faransisko ta 2012 ta nemi a daina auna bincike da sunan mujallar da ya fito a ciki. Roƙona ga kwamitocin ƙarin girma shi ne, in an kawo muku takardun mai binciken kayan tarihi, ku duba lambar, sannan ku buɗe maƙalar ku tambaya: me muka sani yanzu game da kakanninmu wanda ba mu sani ba kafin aikinsa, kuma wa ya haƙo abin da aka gwada?