Jawabi A Kan Masu Yi Wa Dawaki Takalmi A Masar

Yaranmu da ke karatu a Azhar, da yawansu Hayyin Ashir suke zaune, watau wata unguwa ta Madinatu Nasar a Alƙahira. A titunan birnin nan har gobe doki da jaki suna jan amalanken masu kayan lambu, ƙafafunsu na ƙara a kan kwalta, gama takalmin ƙarfe ke gare su. Mai wannan aiki Larabawa na ce masa baiɗari.

Mu a ƙasar Hausa ba mu gāji wannan ba. Dokin Kano ko na Katsina rairayi yake takawa, abin da kofato ke bukata yanka ne kawai. Amma kwalta tana cin kofato fiye da yadda yake tsirowa. Kofato kuwa wajen sulusin inci yake ƙaruwa a wata, sai ya kusa shekara kafin ya sabunta duka.

To, sana'ar ba ta gaggawa ba ce. Yaro yakan daɗe yana riƙon ƙafar dabba, yana hura zuga-zugi, kafin a ba shi masaba. Mako shida ko takwas sai a cire takalmi da awartaki, a rage kofato, a goge da magagari, sa'an nan a daki ƙarfe a kan uwar maƙera har ya yi daidai da ƙafa. Ƙusa a bangon kofato take bi, inda ba jini. In ta karkata ciki kaɗan ta taɓa nama, sai ruwa ya taru, doki ya kama ɗingishi. Mugun ma'aikaci shi ne mai datse kofato don ya dace da takalmin da ke hannunsa. Mai amalanke kuwa, ran da dabbarsa ta gurgunce, gidansa ba a ɗora tukunya.

Masarawa sun daɗe da sanin darajar abin. Abubakar ɗan Badruddini, baiɗarin bargar Sarki Nasiru Muhammadu ɗan Ƙalawuna, wanda ya rasu a 1340, ya wallafa littafi, Kamilus Sina'ataini, har da bayanin irin takalma a ciki. A 1934 kuma wata Baturiyar Ingila, Dorothy Brooke, ta buɗe asibitin dawaki a Alƙahira, bayan ta sayi tsofaffin dawakin soja wajen 5,000 da aka bari a ƙasar tun Yaƙin Duniya na farko. Har yanzu ƙungiyarta na koyar da masu wannan aiki.

Mu ma a zango, dawakin sarakunanmu kwalta suke takawa ran hawan Salla. Shawararmu ita ce a zaɓi yaro guda daga gidan maƙera, a rubuta wa ɗalibanmu na Hayyin Ashir su nemo masa baiɗarin da zai zauna a hannunsa. Kuɗin jirgi da na ci, a kawo maganarsu a taro mai zuwa.